Na Mayar wa Ƙanena da Ƙibarsa

Ni na rene shi. Mahaifiyarmu ta rasu yana da shekara huɗu, ni ina da goma sha biyar, tun daga nan duk lomar da ta shiga bakinsa ta hannuna ta bi. Mu Hausawan nan ne da kakanninsu suka taso za su Makka a ƙafa, suka yada zango a bakin kogin Shari don su huta, hutun ya zama zama. Lokacin da yaƙi ya ci birnin da muke zaune muka tsallaka kogi muka zauna a bukkokin gudun hijira. A can wata rana na tarar da shi, ya kusa shekara goma, yana lasar murfin tukunyar wasu mutane da ba mu sani ba. Na sharara masa mari a gabansu, sannan na ja shi bayan bukka na rungume shi muka yi ta kuka. Ranar na ɗaukar wa kaina cewa yaron nan ba zai ƙara jin yunwa ba matuƙar ina numfashi.

Da ƙura ta lafa muka dawo, na kafa rumfar abinci a gefen kasuwar Dembé. Shi kuma da ya tasa ya shiga sana'ar gwanjo, yana fasa dila yana sayarwa, Allah kuma ya buɗa masa. A shekarun casa'in ne jikinsa ya fara buɗewa, ni kuwa kallonsa nake kamar gonar da na noma. Da safe zai zauna a bencina ya tashi da fangasu, wato fankenmu na nan, cikin faranti da kofin kunun gyaɗa biyu. Da rana kisar, wani irin sinasir mara kauri, da miyar kuɓewa, da la'asar gasasshen naman raƙumi a majalisarsu, ya koma gida matarsa ta ajiye masa tuwo. Tun bai je Hajji ba mutane suka fara kiransa Alhaji. In ya wuce, mata masu sayar da tumatir su ce, "Kai, yayarsa ta iya kiwo." Ina jin daɗin maganar nan, ba zan ɓoye ba.

Matarsa 'yar wani ɗan kasuwa ce daga Damagaram, yarinya mai sanyin magana wadda ta ɗan yi boko. Ita ta fara zuwa mini da damuwa. Ta ce ta tarar da ƙasusuwa da ledojin abinci a bayan dilolin shagonsa, bayan duk abin da yake ci a gaban mutane. Ta ce in ransa ya ɓaci ci yake, in ya yi ciniki mai kyau ci yake, in ya gama kuma ya zauna shiru kamar wanda ya yi laifi. Ta ce a watan azumi ma ƙaruwa yake yi.

Na ce mata, "To namiji ne, me kike so ya ci, iska? Ki gode wa Allah da ya ba ki miji mai cin abin da kika dafa."

Ta tashi ta tafi. Haka take, ba ta jayayya, abin da ya sa na daɗe ina ɗaukarta mara wayo.

Bayan shekara ta dubu biyu abin ya wuce wasa. Gwiwoyinsa suka gaza, ya koma salla a kan kujera yana ɗan shekara talatin da 'yan kai. Daga shago zuwa masallaci sai ya tsaya sau biyu yana haki. Aka auna shi aka ce ciwon suga da hawan jini duk sun kama shi, likita ya gaya masa ƙiri-ƙiri cewa in bai rage jiki ba, ba zai aurar da 'ya'yansa ba. Ya gwada. Ya yi kwana uku yana cin ganye, rana ta huɗu na gan shi a bencina ya ƙura wa kaskon suya ido, ni kuwa na zuba masa, don ban san yadda ake hana shi ba. Ya sha rubutu, ya sha saiwoyi, ya sha wani shayi mai ɗaci da aka kawo daga waje. Babu wanda ya yi kwana goma.

Wani abokin kasuwancinsa ne ya ba shi labarin aikin da ake yi a Tunis, inda ake sa wa mutum wani zobe a bakin tumbi, ya matse shi yadda loma kaɗan za ta cika shi. Lokacin an fara haƙo mai a kudu, kasuwa tana tafiya, yana da halin zuwa. Ya zo neman izinina kamar yadda ya saba a kowane babban al'amari. Na yarda, amma da sharaɗi: kada kowa ya sani. Za a ce ya tafi saro kaya. Ina zan kai kunyar a ce an ɗaure wa ƙanena ciki kamar bakin buhu saboda ya kasa riƙe bakinsa? A gidanmu kwaɗayi abin gori ne da ake yi wa yara, ba magidanci mai iyali ba. Matarsa ta ce ita ba ta ga abin ɓoyewa a neman lafiya ba. Na ce ba da ita nake ba.

Ya yi makonni ya dawo da 'yan tabo ƙanana a ciki. Cokali uku, huɗu, ya ajiye. In ya ƙara na biyar sai ya tashi da sauri ya je ya amayar. Amma idonsa bai ƙoshi ba. Yana zaune za ka ga yana bin faranti da kallo har a fita da shi. Ya ce likitan da ya yi masa aikin ya ja masa kunne kafin ya sallame shi, ya ce shi tumbi kawai ya ɗaure, abin da ke tura mutum ga abinci yana nan a kwance, dole in ya koma gida ya nemi masanin halayyar ɗan Adam ya riƙa zama da shi suna magana.

Na ce, "Magana? Wace irin magana ce ba za ka yi da ni ba sai da bare?"

Ya ce, "Yaya, doktor ya ce in ban yi ba aikin banza aka yi."

Matarsa ce ta yi ta cigiya har ta samo. A duk faɗin birnin, wadda aka nuna mata mace ɗaya ce, 'yar kudu, Kirista, da ta yi karatun abin a waje. Ofishinta yana wani ƙaramin asibiti can hanyar Toukra, bayan an haye gada. Matsalar ita ce kowa a garin ya san asibitin nan da abu ɗaya: nan ake gwajin kanjamau, nan masu ita suke zuwa karɓar shawara da magani. Aikin matar ke nan tun asali, ta karɓi ƙanena ne a kan ragowar lokacinta. Kowace Alhamis bayan azahar sai ya rufe shago ya hau babur ɗinsa ya tafi.

Dole in faɗi gaskiya, abin ya yi masa amfani. Cikin wata shida rigunansa suka koma kamar na aro. Haki ya tafi, aka rage masa maganin suga. Ya koyi wasu dabaru da nake yi wa dariya: in sha'awar ci ta taso masa sai ya fita ya zaga layin masu tukwane ya dawo, ko ya rubuta abin da ya ɓata masa rai a wani ɗan littafi. Wata Juma'a ya biyo ta rumfata daga masallaci fuskarsa tana walƙiya.

Ya ce, "Yaya, yau goshina ya taɓa ƙasa. Na yi sujada kamar kowa."

Na dube shi sama da ƙasa na ce, "Ka ga wuyanka kuwa? Duk ƙasusuwa sun fito."

Murmushinsa ya ɗauke. Cikin duk maganganun da na yi a rayuwata, wannan tana cikin waɗanda na fi so a ce zan iya mayarwa bakina.

Ana nan sai ya ce matar asibitin tana son ganina. Ta ce tana son ta gana da wadda ta fi kowa ciyar da shi. Na ƙi sau biyu, na uku na yafa lafayata na bi shi, ba don komai ba sai don in ga wadda take raba ni da ɗan'uwana. A barandar asibitin mutane ne zaune a benci, ramammu, kowa ya sunkuyar da kai. Na ja lafaya na rufe rabin fuskata har muka shiga.

Na zaci zan tarar da wata mai ƙwalisa da iyayi. Na tarar da mace tsarata, gajera, da tabarau a ɗaure da zare, tana Larabcin kasuwa kamar kowa. Ta yi mini lale, ta tambayi iyali, sannan ta ce in ba ta labarin yarintarsa. Na ba ta, har da murfin tukunya, don ta san da wa take magana.

Ta ce, "Da yana yaro, in ya yi kuka, me kike yi masa?"

Na ce, "Abinci nake ba shi."

"In ya faɗi ya ji ciwo fa?"

"In ba shi abinci."

"In ya tambayi mahaifiyarku?"

Nan na harzuƙa. Na ce, "Ke, ina kike lokacin da nake tsintar hatsi a ƙasa don yaron nan? Yanzu ni ce na sa masa ciwo?"

Ta ce ba ta ce haka ba. Ta ce abin da na yi shi ya raya shi a lokacin, amma yanzu yana buƙatar in taimake shi ta wata hanya dabam, kuma duk duniya babu wanda ya fi jin maganarsa kamar ni. Sai ta jawo takarda ta yi mini bayani dalla-dalla. Zoben nan abu mai tauri kawai yake tarewa. Duk abin da yake ruwa-ruwa yana wucewa salin-alin: madara, sukari, mai, kunu mai kauri, lemon kwalba, romo mai maiƙo. Ta ce mutum yana iya mayar da duk ƙibarsa da kofi kawai, ba tare da ya tauna komai ba, don haka waɗannan su ne za mu tsare shi daga gare su. Na saurara da kyau. Ban san dalilin da ya sa na haddace su ba a lokacin, ko kuma na sani ina ƙin faɗa wa kaina. Na tashi ko sallama ban yi mata ba.

Ban san wanda ya fara kai maganar kasuwa ba. Babur ɗinsa sananne ne, kuma ba a rasa mai wucewa ta hanyar nan. A shekarun nan kuwa, mutum mai jiki ya tafi ƙasar waje ba a san dalili ba, ya dawo yana zubewa, yana amai, ana ganinsa kowane mako a wancan asibitin, ba sai an yi wa kowa bayani ba. A majalisarsu aka ware masa kofin shayinsa, ana ɗauraye shi dabam. Wanzamin da yake yi masa aski tun yana saurayi ya fara cewa hannunsa yana ciwo. Aka daina turo yara su yi wasa da 'ya'yansa. Ni ma wasu da suka shekara goma suna ci a rumfata suka koma ta gaba, suna gaishe ni daga nesa.

Wata tsohuwa 'yar ƙauyen Gaoui da take kawo mini tukwane ce ta fasa mini ƙwan. Ta sauke kaya, ta kama hannuna ta ja ni gefe.

Ta ce, "Allah ya ba ƙaninki lafiya. Amma wannan sida, kanjamau ɗin nan, ba ta tsayawa kan mutum ɗaya, ku sa a duba matar da ƙaramin yaron."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ko kuɗin tukwanen ban tsaya yi mata magana a kai ba, na bar rumfa a buɗe na nufi gidansa. Na tarar da su a tsakar gida, ashe sun riga ni ji. Matarsa ta ce abin mai sauƙi ne: ya ɗauki takardun asibitin Tunis ya kai majalisa, ya ɗaga riga ya nuna tabon, ya faɗi abin da yake kai shi wurin matar nan. Shi ma ya ce ya shirya. Ya ce dama matar asibitin ta daɗe tana ba shi shawara ya daina ɓoyewa, ya sami ko mutum biyu cikin abokansa ya gaya musu gaskiya, don ɓoyon da kansa yana cikin ciwon.

Na ce, "Ka tsaya gaban maza ka ce kai mayen abinci ne, sai da aka ɗaure ka, kuma mace ce take koya maka yadda za ka riƙe bakinka? Wa zai yarda? Za su ce ka ƙirƙiro ne don ka rufe wancan. Ka tashi da gori biyu maimakon ɗaya."

Ya ce, "To yaya zan yi, Yaya?"

Na ce, "Ka daina zuwa wurin nan, ka mayar da jikinka. Mai wannan ciwon ba ya ƙiba. Ranar da suka ga kumatunka, kalas, shi ke nan, magana ta mutu."

Matarsa ta ce, "Yaya, sugan fa? Doktor ya ce..."

Na daka mata tsawa. Sannan na juya gare shi na yi abin da na san ba shi da maganinsa. Na ce in ya ƙara taka asibitin nan, ko ya buɗe baki ya faɗa wa wani, ban yafe masa wahalar da na sha a kansa ba. Ban taɓa gaya masa haka ba tun da nake. Ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Yaya."

Washegari na fara. Duk abin da matar nan ta lissafa mini don in tsare shi, shi na bi ɗaya bayan ɗaya. Kunun gyaɗa na dama shi da madarar gwangwani mai zaƙi, na narka man shanu a ciki. Fura na dama da kindirmo da sukari, na tace ta a rariya har ta zama ba gudaji ko ɗaya. Dabino na jiƙa na marmashe da madara. Ƙafar saniya na dafa tun safe har ta narke, na tsiyaye romon da maiƙonsa. Ni da kaina nake ɗaukar kula in kai masa shago, sau uku a rana, in tsaya a kansa. A wurinmu babba ba ya miƙo maka abu da hannunsa ka ce a'a, balle wadda ta goya ka. In ya yi jinkiri sai in ce, "Ai ba ci ba ne, sha ne." Ranar Alhamis kuwa bayan azahar a gidana yake wuni, don in tabbata inda yake.

Kwanakin farko yana sha yana runtse ido kamar mai shan magani. Bayan mako biyu ya daina runtsewa. Bayan wata guda shi yake leƙowa ya ga ko na taho. Wannan ɗan littafin nasa na gan shi wata rana an sa shi a ƙarƙashin ƙafar tebur don kada ya yi rawa.

Sau ɗaya matarsa ta yi ƙarfin hali. Na kai kula gidansu, ta karɓa a ƙofa, ina tsaye ta juye shi a kwata. Na ce mata abin da ba zan maimaita a nan ba, har da cewa so take ya mutu a rame ta ci gado. Ba ta rama ba. Ta ce, "Yaya, ni zan zauna da marayu, ba mutanen kasuwa ba." Na kai ƙararta wurinsa, ya ba ni haƙuri, ita kuma ya ce ta bar ni. Matar asibitin ta aiko da saƙo sau biyu ta hannun matarsa tana tambayar lafiyarsa, tana cewa ƙofarta a buɗe take ko a wani wuri dabam yake so su haɗu. Na ce a gaya mata mun gode.

Dabarata ta ci, wannan shi ne abin baƙin cikin. Cikin shekara ɗaya da rabi ya cika rigunansa na da. Tumbin ma ya saki, ya koma cin tuwo da nama kamar ba a taɓa yi masa komai ba. Kofinsa ya koma cikin na jama'a, hannun wanzami ya warke, masu cin abincina suka dawo ɗaya bayan ɗaya suna cewa miyar can ba ta kai tawa ba. Ana tare shi a hanya ana cewa, "Barka da arziki, Alhaji, jiki ya yi kyau. Wane malami ne ya yi maka aiki?" Ya yi murmushi ya wuce. Kujerarsa ta koma ƙarshen sahu a masallaci. Ni kuwa ina tafiya a Dembé kaina a sama.

Wayar da ake ɗaure dila ce ta soke shi a ɗan yatsan ƙafa. Ciwon bai kai ƙwayar wake ba, bai ma ji shi ba sai da matarsa ta ga jini a takalmi. Ya ƙi warkewa. Aka wanke, aka ɗaure, aka yi allurai, yatsan ya yi baƙi aka cire shi. Bayan wata biyu aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Likitan ya ce sugan ya yi yawan da jikinsa ba ya iya haɗa rauni, ƙodarsa ma ta fara gazawa. Ya tambayi matarsa me ya faru da mutumin da aka yi wa aiki ya rage jiki, ta dube ni, ta ce ita ba ta sani ba.

Wata la'asar na je dubiya, matarsa ta fita alwala, muka rage mu biyu. Ku yarda ko kada ku yarda, da kula na je. Hannuna ya saba, ban san yadda ake zuwa wurinsa hannu rabbana ba. Na zuba a kofi na miƙa masa. Ya kalli kofin, bai karɓa ba, bai kuma ture ba.

Ya ce, "Yaya, ajiye tukuna, zan gaya miki wata magana."

Na ajiye.

Ya ce, "Kada ki ɗora wa kanki duka. Na san abin da kike zubawa a ciki tun ranar farko, ina wurin lokacin da matar nan take lissafa miki. Kuma ina so. Ko da kin daina kawowa, da na nema a wani wuri."

Na ce, "To me ya sa ba ka ce mini a'a ba, Auta?"

Ya ce, "Abin da nake zuwa koyo ke nan ranar Alhamis. Mun kusa zuwa kanki aka tsaya."

Ya faɗe ta ne da ɗan murmushi, ba da zafi ba, har yana neman ya sa ni dariya. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Na ɗauki kular na fita waje na zauna a gindin wata bishiya na yi kukan da rabona da irinsa tun rasuwar mahaifiyarmu. Na yanke a raina in ya tashi ni da kaina zan raka shi hanyar Toukra, fuskata a buɗe, duk mai gani ya gani. Bai tashi ba. Bayan kwana goma sha tara ya rasu da hantsi, bai cika arba'in ba, babbar 'yarsa tana shekara goma sha uku.

Gidan ya cika ranar sadakar uku. Ina zaune a ɗakin mata, matarsa tana can kusurwa cikin kayan takaba, tsakaninmu tabarma biyu. Wata dattijuwa daga unguwarmu, cikin waɗanda suka taɓa hana jikokinsu shiga gidan, ta matso ta dafa gwiwata. Ta ɗaga murya yadda kowa zai ji.

Ta ce, "Ke kam kin yi zumunci. Lokacin da ya kwanta ya lalace har ana ta surutu, ke kika tsaya a kansa da kula sai da ya tashi. Ga shi Allah ya karɓi abinsa da jikinsa, maza sun ce da ƙyar aka ɗaga makarar. Wa ya isa ya ce wani abu yanzu? Allah ya saka miki da alheri."

Ɗakin ya amsa. Abin da ban taɓa gaya wa kowa ba shi ne, na ɗan lokaci kaɗan, kafin in ankara, maganar ta yi mini daɗi. Na ɗaga ido sai muka haɗa ido da matarsa. Ba harara take yi ba, jira take. Mata sun fi talatin a ɗakin, duk waɗanda ya kamata su ji suna nan, kuma babu sauran wanda zan kare. Jimla uku sun isa: an yi masa aiki, yana samun sauƙi, ni na hana shi.

Na buɗe baki na ce, "Amin, na gode."

Ta ja mayafinta ta rufe fuska. Da ta gama takaba ta kwashe yaran ta koma Damagaram wurin iyayenta. Ta zo ta yi mini sallama a rumfa kamar yadda ya dace, ta durƙusa, ta ce, "Hajiya, za mu tafi." Tun ranar da aka kawo ta gidanmu amarya ba ta taɓa kirana da wani suna ba sai Yaya.